Tambayoyi da Amsoshi a Kan Sana'ar Dabo

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi wa duk wanda aka san yana sha'awar wasan dabo. Wasu masu son koyo ne ke yin su, wasu iyaye ne da suka ga yaro ya duƙufa kan karta da tsabar kuɗi, wasu kuma 'yan kallo ne da abin da suka gani ya tsaya musu a rai. Amsoshin sun haɗa ra'ayina da abin da tarihin sana'ar ya tabbatar. Ba zan tona asirin wasan kowa ba, sai ɗan abin da magana ba za ta fito ba sai da shi.

Shin dabo sihiri ne?

A'a. Dabon da ake magana a kansa a nan, wanda wasu ke kira siddabaru ko rufa-ido, babu aljani a cikinsa, babu tsafi, babu surkulle. Duk abin da ka gani yana da dalili na zahiri: ko ƙwarewar yatsu, ko kayan aiki da aka ƙera musamman, ko lissafi, ko sanin inda hankalin ɗan Adam yake da rauni. Sau da yawa ma biyu ko uku ake haɗawa a wasa guda, ta yadda idan ɗan kallo ya kama bakin zare ɗaya, sauran su kuɓuce masa.

Abin da ke burge ni shi ne wasu daga cikin tsofaffin littattafan da suka bayyana waɗannan dabaru, don kare mutane aka rubuta su. A ƙarni na 13, wani mutumin Dimashƙa mai suna Abdurrahim al-Jaubari ya rubuta littafi yana tona asirin mayaudaran zamaninsa, irin su masu da'awar annabta, da masu cewa suna mayar da ƙarfe zinariya, da masu maganin ƙarya. A Ingila kuwa, a 1584, Reginald Scot ya fitar da littafinsa The Discoverie of Witchcraft a daidai lokacin da ake kama tsofaffin mata talakawa ana hukunta su da sunan maita. Ya ware wani sashe ya nuna yadda ake ɓatar da ƙwallo da tsabar kuɗi, da yadda ake sa mutane su ga kamar an soka wuƙa a hannu, don masu shari'a su gane cewa ba kowane abin mamaki ne aikin Shaiɗan ba.

Mai neman hukuncin addini a kan yin sa ko kallonsa, wurin malamai zai nufa. Abin da ya kamata ya tafi da shi dai shi ne bayanin gaskiya na abin da ake yi, kuma shi ne wannan.

To in dai yaudara ce, me ya raba mai dabo da ɗan damfara?

Izini. Wanda ya zo kallon dabo ya san ruɗa shi za a yi, don haka ma ya zo. An gaya masa tun farko, ko da baki ko da yanayin wurin, cewa wasa ne. Zai tashi aljihunsa lafiya lau, imaninsa bai taɓu ba, sai mamaki da ya ƙaru da shi. Ɗan wala-wala mai jujjuya karta uku a bakin hanya yana iya yin motsin hannu iri ɗaya da na mai dabo, amma shi cewa yake yi caca ce ta gaskiya, kana iya ci, alhali ba za ka taɓa ci ba, waɗanda ka ga suna kwasar kuɗi a gabanka kuwa 'yan korensa ne. Haka mai ninka kuɗi, haka mai ciro allura daga jikin majinyaci. Dabara ɗaya ce, amma ɗaya ya sanar da kai, ɗayan ya ɓoye maka.

Shi ya sa manyan masu dabo suka kasance kan gaba wajen yaƙar masu da'awar ƙarya, don sun san hannun. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, iyalai da yawa a Turai da Amurka sun rasa 'ya'yansu, sai masu cewa suna kiran ruhin matattu suka samu kasuwa. Harry Houdini ya shafe shekarunsa na ƙarshe yana bin su yana fallasa su, har a 1926 ya ba da shaida a gaban wani kwamitin majalisar dokokin Amurka a kan batun. Bayansa James Randi ya ɗora. A 1986 ya kama wani mai wa'azi a talabijin, Peter Popoff, wanda ke kiran sunayen marasa lafiya da cututtukansu yana cewa wahayi ne. Ashe matarsa ce ke karanto masa bayanan ta wata 'yar na'ura da ya saƙala a kunne. Randi ya kuma sa ladan dala miliyan 1 ga duk wanda ya nuna wani iko na gaibu a ƙarƙashin gwaji mai tsauri. Har aka rufe gasar a 2015 ba wanda ya ci.

Amma kada a ɗauka masu sana'ar duk hannunsu tsaf yake. A 1856 gwamnatin Faransa ta tura Jean-Eugène Robert-Houdin zuwa Aljeriya don ya nuna wa shugabannin ƙabilu cewa Faransa tana da ikon da ya fi na malaman da ke zuga su a kan 'yan mulkin mallaka. Ya ajiye ƙaramin akwati, ya kira wani ƙaƙƙarfa ya ɗaga shi cikin sauƙi, sannan ya ce ya zare masa ƙarfinsa. Mutumin ya yi iya yinsa akwatin ya ƙi motsi, saboda gindinsa ƙarfe ne, kuma an ɓoye maganaɗisu mai aiki da lantarki a ƙarƙashin dandamali. Turawa kan ba da wannan labari da alfahari. Ni ban ga abin alfahari a cikinsa ba. An ɗauki fasahar da aka yi don faranta rai an tsorata mutane da ita a kan ƙasarsu, kuma babu wanda ya nemi izininsu.

Tun yaushe ake yin sa?

Ya daɗe ƙwarai. Akwai wani tsohon rubutu na Masar da ke ba da tatsuniyar Dedi, wanda aka ce ya yanke kan dinya a gaban Fir'auna Khufu ya mayar da shi. Tatsuniya ce, amma ta nuna irin abin da ke ba mutane mamaki tun wancan zamani. Wasan kofuna da ƙwallaye kuwa, Seneca na Rum ya ambace shi a wasiƙunsa a ƙarni na 1, kuma har yau ana yin sa kusan yadda yake.

Fasalin da aka sani yanzu, na mutum cikin tufafi na mutunci a kan dandamali, ana jingina shi ga Robert-Houdin ɗin nan. Mai gyaran agogo ne daga garin Blois, ya buɗe zauren wasansa a Faris a 1845. Shi ne ya ce mai dabo ɗan wasan kwaikwayo ne da ke taka rawar mai sihiri. Daga sunansa Houdini ya samo nasa.

Saurin hannu ne sirrin, ko ba haka ba?

Wannan ita ce fahimtar da ta fi yaɗuwa, kuma kuskure ce. Hannu bai fi ido sauri ba. Motsi mai sauri ma jan ido yake yi. Ko ɗan kallo bai ga abin da ka yi ba, ya ga cewa ka yi wani abu, kuma hakan ya isa ya kashe wasan, don zai ce a ransa, "A nan ne ya yi ta." René Lavand, mutumin Ajantina da ya rasa hannunsa na dama a haɗarin mota tun yana ɗan shekara 9, da hannu ɗaya yake wasan karta, yana yi a hankali, yana maimaitawa, yana ce wa mutane ba zai yiwu a yi shi sannu fiye da haka ba. Duk da haka ba a kama shi.

Abin da ake sarrafawa shi ne hankali. Mutum yana jin kamar yana ganin duk abin da ke gabansa, alhali ɗan abin da hankalinsa ya tsaya a kai kawai yake gani, sauran ƙwaƙwalwa ce ke cike masa da zato. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris sun nuna wa mutane bidiyon 'yan wasa suna miƙa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙirga sau nawa aka miƙa. Ana cikin haka wani ya ratsa tsakiya sanye da kayan goggon biri. Kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba.

Gwajin Gustav Kuhn na 2006 ya fi kusa da sana'armu. Ya jefa ƙwallo sama sau biyu ya cafe, a na uku ya yi kamar ya jefa amma ya riƙe ta a hannu, ya bi ta da ido sama. Wajen kashi biyu cikin uku na masu kallo sun ce sun ga ƙwallon ta tashi ta ɓace a iska. Da ya sake yi yana kallon hannunsa maimakon sama, sai adadin ya faɗi ƙwarai. Ana cewa gani ya kori ji, to ga mutane sun ga abin da bai faru ba, saboda kawai sun bi idon wani.

Daga nan ƙa'idojin aikin suka fito. Inda ka kalla, nan za a kalla. Idan ka yi wa mutum tambaya zai ɗago ya dubi fuskarka. Babban motsi yana rufe ƙarami. Lokacin da mutane ke dariya ko suka ɗauka an gama, lokacin ne hankalinsu ke sakewa. Wadda na fi ƙauna a cikinsu ita ce tazarar lokaci: ka yi aikin ɓoye tun da wuri, ka bar shi ya huce, ta yadda sa'ad da abin mamakin zai bayyana hannunka a buɗe yake, babu komai a ciki, kuma babu wanda zai tuna ya koma baya har can.

Me ya sa ake ruɗar masu ilimi da wayayyu? Ai da na ɗauka su ne za su gane.

Su ne ma suka fi sauƙi. Babba mai hankali ya saba da duniya, ya san idan hannu ya miƙa abu ga ɗaya hannun to abin ya koma can, ba ya tsayawa bincike. Wannan sanin shi ake amfani da shi a kansa. Ƙananan yara sun fi wuya, don ba su gama koyon inda ya kamata a kalla ba, sai su kalli inda ba ka so.

Sannan akwai tunawa. Abin da mutum zai ba da labari gobe ba shi ne abin da ya faru ba daidai. Zai ce, "Ni na gauraya kartar da hannuna, bai ko taɓa ta ba," alhali an taɓa ta, ya manta ne don taɓawar ba ta yi kama da abu mai muhimmanci ba. A 2005 Petter Johansson da Lars Hall na Jami'ar Lund a Suwidin sun ari dabarar masu dabo suka yi gwaji. Su nuna wa mutum hotuna biyu ya zaɓi fuskar da ta fi masa kyau, sai su musanya a ɓoye su miƙa masa wadda bai zaɓa ba. Mafi yawan lokuta ba a lura ba, har mutum ya shiga kawo dalilan da suka sa ya zaɓi fuskar da bai zaɓa ba.

Juan Tamariz, gwanin dabo na Sifaniya, ya gina koyarwarsa a kan wannan. Shi a wajensa bai isa ka ɓoye hanyar gaskiya ba. Sai ka hango duk hanyoyin da ɗan kallo zai zata, ka toshe su ɗaya bayan ɗaya a gabansa. Ya zata a hannun riga take, ka naɗe hannun riga. Ya zata kartar ta musamman ce, ka ba shi ya duba. Idan zato ya ƙare masa, sai mamaki ya samu wurin zama. Don haka kada ka ji kunya in an ruɗe ka, ƙwaƙwalwarka ce ke aiki yadda ya kamata.

Me ya sa masu dabo ba sa faɗin sirrinsu? Ba rowa ba ce?

Dalili na farko abinci ne: wani ya shafe shekaru yana ƙirƙira, da shi yake ciyar da iyalinsa. Ƙungiyoyin sana'ar sun ɗauki wannan da zafi. Ƙungiyar masu dabo ta Amurka an kafa ta a 1902, ta Landan mai suna The Magic Circle kuma a 1905, kuma duk mamba sai ya yi alƙawarin riƙe sirri. Ta Landan ɗin har shugabanta na farko, David Devant, ta taɓa kora saboda ya wallafa bayanin wasanni ga jama'a.

Dalili na biyu shi ya fi ƙarfi a wurina. Sirrin dabo yawanci ba shi da kyan gani. Ɗan zare ne, ko madubi, ko karta biyu da aka riƙe kamar ɗaya. Wanda ya matsa aka gaya masa, fuskarsa faɗuwa take yi, ya ce, "Au, shi ke nan?" Ka karɓe masa abu mai daraja ka ba shi wanda bai kai ba, kuma ba ya mayuwa.

Sai dai ina ganin masu sana'ar suna wuce gona da iri a tsoron tonon asiri. A 1997 wani mai rufe fuska, wanda daga baya aka san Val Valentino ne, ya fara tona manyan wasanni a talabijin ɗin Amurka. An yi ta kururuwa cewa sana'a ta mutu. Ba ta mutu ba. Penn da Teller, masu dabo biyu na Amurka, ma sukan yi wasan kofuna da ƙwallaye da kofunan roba masu nuna ciki, kana ganin komai, amma idonka ya kasa bi. Wanda sirri ne kaɗai jarinsa shi ke da abin tsoro. Kuma ƙofa ba a rufe take ga mai son koyo ba: littattafan suna nan, malaman suna nan. Abin da ake ƙi shi ne a jefa wa mutum amsa alhali kallo ya zo yi.

Na ce a sake yi mini an ƙi. Me ya sa?

Saboda a karon farko ba ka san inda aka dosa ba, a karo na biyu kuwa ka sani, sai ka daina kallon wasan ka koma gadin hannu. Ƙa'ida ce tsohuwa: kada ka faɗi abin da zai faru kafin ya faru, kada ka maimaita wa mutane ɗaya wasa ɗaya ta hanya ɗaya.

Gwanaye kan karya ta da gangan. Houdini ya kasance yana bugun ƙirji cewa duk wasan da ya gani sau uku zai gane shi. Dai Vernon, wani ɗan Kanada, ya sa shi ya yi alama a jikin karta, ya tura ta ƙarƙashin ta sama, sai ga ta ta dawo sama. Ya yi ta maimaitawa har ya wuce sau ukun, Houdini bai gane ba. Mai koyo dai ya riƙe ƙa'idar tukuna.

Ina son koyo. Daga ina zan fara?

Da kwali ɗaya na karta da 'yan tsabar kuɗi. Kada ka fara da sayen akwatuna da kayan da ke yin aikin da kansu. Za ka tara tarkace, hannunka bai koyi komai ba.

Fara da wasannin da lissafi ke ɗauke da su, don su ba ka damar koyon tsayuwa gaban mutane ba tare da fargabar yatsu ba. Misali tsohon wasan karta 21: ka raba su layi uku, bakwai-bakwai, mutum ya nuna layin da tasa take, ka tattara ka sa wannan layin a tsakiya, ka sake rabawa. Bayan sau uku kartarsa ita ce ta 11. Kowa na iya wannan. Aikin shi ne yadda za ka sa ƙirge-ƙirgen ya zama abin sha'awa, da yadda za ka bayyana kartar a ƙarshe. Kada kuma ka raina lissafin karta, yana da zurfi. Idan aka raba karta 52 gida biyu daidai, aka saƙa su ɗaya bayan ɗaya ba kuskure, ta sama tana zama a sama, sau 8 kacal za a yi su koma yadda suke da farko. Persi Diaconis ya bar gida yana ɗan shekara 14 ya bi Vernon yawon dabo, daga baya ya zama farfesan lissafi a Jami'ar Stanford. Shi da Dave Bayer ne suka nuna a 1992 cewa sai an gauraya karta wajen sau 7 kafin ta cakuɗu sosai.

Bayan haka ka zaɓi wasa uku ko huɗu ka zauna a kansu. Wannan ita ce shawarar da masu koyo suka fi ƙi, don sabon wasa kullum ya fi daɗi. Amma wanda ya san hanyar wasa ɗari bai iya ko ɗaya ba, ba abin da zai nuna in an ce bismilla. Babban darasin Vernon shi ne motsinka ya zama na ɗabi'a. In za ka yi kamar ka sa kuɗi a hannun hagu, to fara sa shi da gaske sau da yawa, ka lura da yadda kafaɗarka da idonka da yatsunka suke yi, sannan ka sa na ƙaryar ya yi kama da shi sak.

Madubi yana da amfani da farko, amma yana da illa: mutum kan ƙifta ido daidai lokacin da yake yin motsin ɓoye, ya yaudari kansa. Ɗaukar kanka a bidiyo da waya ya fi faɗin gaskiya. Ka yi atisayen maganar da za ka yi tare da na hannu, da murya a fili. Kuma kada ka nuna wa kowa wasan da ka koya yau. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hannuna ƙanana ne, kuma ba ni da baiwa. Zan iya?

Za ka iya. Ka ji labarin Lavand. Richard Turner makaho ne, kuma yana cikin gwanayen sarrafa karta na duniya. Mahdi Gilbert an haife shi ba tafin hannu, ya ƙirƙiri hanyoyinsa da kansa. Haƙurin maimaita abu ɗaya shi ne abin da ba a iya yi ba tare da shi ba.

Idan wasa ya lalace a gaban mutane fa? Ko wani ya tsaya sai ya kunyata ni?

Zai lalace wata rana, kowa yana lalace masa. Abin da ke cetonka shi ne ɗan kallo bai san ƙarshen da ka nufa ba, don haka sau da yawa bai ma san an yi kuskure ba sai fuskarka ta gaya masa. Gwanaye kan tanadi mafita tun a gida: in kartar da ta fito ba ita ba ce, ga abin da zan yi da ita. In kuwa abin ya fito fili, ka yi murmushi, ka ce wannan ta ƙi, ka wuce ta gaba. Mutane suna yafewa da sauri in ba ka ɗora musu nauyin kunyarka ba.

Mai neman kunyata ka kuwa, ka fara duba kanka. Sau da yawa mai dabo ne ke haifar da shi. Idan ka fito da alamar "na fi ku wayo", ka mayar da wasa gasa, kuma ba wanda ke son a kayar da shi gaban matarsa ko abokansa. A nan ne nake da zafi. Wanda ka kira ya taimake ka baƙonka ne. Ya ba ka amana, ya tsaya gaban jama'a bai san abin da za a yi da shi ba. Ka tambayi sunansa ka riƙe, kada ka yi dariya da jikinsa ko tufafinsa ko yadda yake magana, kada ka taɓa shi sai da izini, in ya ce ba ya so ka ƙyale shi. In da hali ka sa abin mamakin ya faru a cikin hannunsa, a yi masa tafi tare da kai. Na fi ganin girman mai wasa uku da ke mayar da baƙonsa wurin zama yana murna, a kan gwanin da ke samun dariya da mutuncin wani.

Wanda muke gani a talabijin da intanet, ba aikin kyamara ba ne?

Wani aikin kyamara ne, wani ba shi ba ne. Alaƙar ta daɗe: Georges Méliès mai dabo ne, shi ya sayi zauren Robert-Houdin a 1888, kuma yana cikin waɗanda suka fara tsayar da kyamara a canza abu a ci gaba da ɗauka. Shi ya sa da David Copperfield zai ɓatar da mutum-mutumin 'yanci na New York a 1983 ya zaunar da 'yan kallo a wurin. David Blaine kuma a 1997 ya juya kyamara ga fuskokin mutanen titi, ya mayar da firgitarsu abin kallo.

Ma'aunina ɗaya ne. Abin da na gani a allo, shi zan gani da ina tsaye a wurin? In amsar e ce, dabo ne. In an yanke bidiyo an cire inda aka yi aikin, ko masu ihun mamakin hayarsu aka yi, to fim ne, kuma a kira shi fim. Gajerun bidiyo sun haifar da matasa masu yatsu na ban mamaki, amma da yawa wasansu ta kusurwa ɗaya kawai yake aiki, kuma ba su taɓa kallon idon mutum suna yi ba.

Akwai haɗari?

A karta da kuɗi babu. A wasu kuwa akwai na gaske. William Robinson, Ba'amurken da ya yi suna da shigar Sinawa da sunan Chung Ling Soo, ya mutu a Landan a watan Maris na 1918, bayan bindigar da aka shirya don wasan cafe harsashi ta saki harsashin gaske. A 2003 damisa ta yi wa Roy Horn mummunan rauni a kan dandamali a Las Vegas. Houdini shi ba a cikin tankin ruwa ya mutu ba kamar yadda ake yaɗawa, ciwon ciki ne sakamakon fashewar 'yar hanji ya kashe shi a Detroit ranar 31 ga Oktoba, 1926. Duk abin da ya shafi wuta, wuƙa, ruwa, ɗaure wuya ko haɗiye wani abu, kada a koye shi daga bidiyo, kada kuma a yi shi gaban yaran da za su kwaikwaya.

Mata suna yi?

Suna yi, kuma sun daɗe suna yi. Adelaide Herrmann ta ci gaba da wasa da sunanta bayan rasuwar mijinta a 1896, har ta haura shekara 70 tana kan dandamali. Amma tun da P. T. Selbit ya nuna wasan yanka mace da zarto a Landan a Janairun 1921, hoton da ya zauna a zukata shi ne namiji riƙe da zarto, mace a cikin akwati, alhali a irin waɗannan wasanni sau da yawa ita ce ke yin aikin mai wuya. The Magic Circle ba ta fara karɓar mata ba sai 1991.

Na ga wasan wani ya burge ni. Laifi ne in kwaikwaya?

Ya danganta. Tsofaffin wasanni irin kofuna da ƙwallaye na kowa ne. Wanda mai shi ya wallafa a littafi ko ya sayar, in ka saya ka samu izini. Amma wanda mutum yake yi a wasansa bai sake shi ba, ka kalla ka gano hanyarsa ka ɗauka har da maganganunsa, wannan sata ce a idon masu sana'a, ko da doka ba ta kama ka ba.

Wani lokacin ma tana kamawa. Teller yana da wani wasa da yake sa fure a gaban fitila, ya riƙa yankan inuwar furen da wuƙa a jikin allo, ganyen furen na gaske yana zubowa. Ya yi masa rajistar haƙƙin mallaka a 1983. Da wani mai dabo daga Turai ya kwaikwaye shi ya nemi sayar da hanyar, Teller ya kai ƙara, kuma a 2014 wata kotun tarayya a Nevada ta ba shi gaskiya. Hujjar kotun ita ce dabarar ɓoye ba ta shiga haƙƙin mallaka, amma tsarin wasan da motsinsa suna shiga. In wasan wani ya kama ranka, ka rubuta masa ka nemi izini. In ya ba ka, ka ambaci sunansa duk inda masu sana'a suka tambaye ka. In ya hana, ka bar masa abinsa.